An rage mini tumbi, yanzu ruwan nono ya ƙi kawowa

Admin: Saƙo ne daga wata 'yar uwa, ta ce a sakaya sunanta. Don Allah a ba ta shawara da lalama, maijego ce.

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana 19 da haihuwa, haihuwar fari bayan shekara tara da aure. Shekara biyu da rabi da suka wuce aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira, wadda ake kira silib. A lokacin nauyina kilo 128, ciwon suga ya fara leƙo ni, al'ada kuma sai ta yi wata biyar ban gan ta ba. Daga ni sai maigida muka san zancen, a gida an ɗauka neman haihuwa kawai ya kai mu. Na sauko zuwa kilo 79, Allah Ya kawo rabo. Yanzu ina gidanmu wanka, gwaggona ke kula da ni. Damuwata ruwan nono. Yaro ya kama ya saki, ya yi ta tsala kuka. Na sayi injin tatsa, in zauna rabin awa abin da zai fito mil 20 ne, in ya yi yawa 30. Gwaggo ta ce rashin ci ne. Kullum da asuba sai ta dire mini kofin silba cike da kunun kanwa ta tsaya a kaina, ni kuwa kurɓa biyar ƙirjina ya cika, in na matsa sai amai. Jiya ta zabga masa sukari, na daure na sha rabi, sai gumi ya keto mini, zuciya na dukan uku-uku, na kusa zubewa a banɗaki. Wadda aka yi wa irin wannan aikin tana shayarwa kuwa, ko in haƙura in sayo madarar gwangwani?"

Maman Biyu: Barka da arziki, Allah Ya raya. Ki jiƙa hulba ki riƙa sha safe da yamma, kwana uku za ki dawo ki ba mu labari.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Ubangiji Ya ba ki tumbi cikakke kin ɗauki ƙafa har Masar an yanke, yanzu jariri ne ke biyan bashi. Mu da muka haifi goma da kunu da tuwo muka shayar, ba inji ba famfo.

Ummu Ammar: Haba Hajiya, ku fa iyaye ne a gidan nan. Shekara tara ba haihuwa, ga suga. Da ba a yi aikin ba wataƙila da jaririn ma babu, balle a yi zancen nononsa. Shawara ta nema.

Hajiya Babba: To na yi shiru. Amma dai a ci abinci.

Sista Mancesta: Ƙanwata barka. Ni ungozoma ce a Ingila, muna ganin irinki sosai, kuma amsar tambayarki ita ce e, ana shayarwa. Tumbi aka taɓa, ba a taɓa jijiyoyin da ke haɗa ruwan nono ba. Amma kafin hulba da komai, faɗa mini abu huɗu. Nawa ya auna ranar haihuwa, nawa ya auna yanzu? Famfas nawa yake jiƙawa daga asuba zuwa asuba? Da kanki kika haihu ko aiki aka yi? Kuma yaushe rabonki da allurar bitamin B12?

Mai saƙo: Anti Sista, an haife shi da kilo 3.1. Shekaranjiya da muka koma a duba ɗinki na roƙa aka ɗora shi, 2.9. Famfas kamar huɗu, fitsarin da ɗan duhu. Aiki aka yi, na zubar da jini har aka ƙara mini leda ɗaya. B12 tun cikin yana wata bakwai. Ƙwayoyin bitamin ma tun da na haihu na ajiye, na ɗauka an gama da su.

Sista Mancesta: To ki saurare ni da kyau, ba tsorata ki zan yi ba. Jariri kan ragu a kwanakin farko, amma zuwa kwana 10 ko 14 ya kamata ya dawo nauyin da aka haife shi da shi, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 150 zuwa 200 a mako. Famfas kuma aƙalla shida, fitsari fari. Naki kwana 19 bai dawo ba. Gobe da safe ki kai shi wurin likitan yara, kada ki jira arba'in. Yau da dare bayan ya sha, ki ba shi abin da kika tatsa da cokali ko ɗan kofi. In likita ya ce a cike da madarar gwangwani, a cike. Yaron da ya ƙoshi ya fi ƙarfin zuƙa, mai yunwa barci yake yi a kan nono, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. In kuwa kin ga ya yi laushi, ya ƙi kamawa sam, ko maɗigarsa ta faɗa, ba sai gari ya waye ba.

Mil 20 ɗin nan da ke tayar miki da hankali, inji ba ma'auni ba ne. Akwai mai goyon da yaronta ke ƙiba kamar tulu, ta sa inji ta kasa samun mil 40. Sikeli da famfas su ne shaidu. Kuma kada a ɗora wa silib laifin komai: aikin haihuwa, zubar jini, da waccan matsalar ta rikicewar al'ada da kika yi fama da ita, kowannensu shi kaɗai yana jinkirta ruwan nono.

Maman Biyu: Sista ni dai hulba ta yi mini aiki wallahi, 'yan biyu na shayar da ita.

Sista Mancesta: Ban ƙaryata ki ba Maman Biyu. Sai dai 'yan biyu ne ke zuƙarki dare da rana, su ne babbar hulbar. Nono gwargwadon yadda aka kwashe shi yake kawowa. Hulba kuma tana iya saukar da sukarin jini, wadda ta kusa faɗuwa jiya ba ita zan fara ba ba.

Uwar Fahad (Jidda): Mai saƙo, ki bar batun yawa tukuna, ki ji nawa labarin, don ni yawan ma ina da shi. Ni baifas aka yi mini, wanda ake ware ɗan ƙaramin aljihu daga tumbi kamar girman ƙwai a haɗa shi da hanji kai tsaye. Na haihu bayan shekara uku. Ruwa kamar famfo, har ina jiƙa riga, ina cika firiza. Sai na saki jiki, na daina allura, na ce ai ina cin nama. Yaro ya yi wata biyar lafiya lau, yana dariya, yana kifewa. Wajen wata shida sai ya fara sanyi. Ya daina dariyar, in ka zaunar da shi ya lanƙwashe kamar tsumma, ga barci ba ƙa'ida, tafin hannunsa fari fat. Aka fara ba shi kunu ya ƙi. Surukata ta ce haƙori ne, wata maƙwabciya ta ce baki ne, aka yi ta tofi. Sai da wata likitar yara ta dube ni ta ce, "Ke an taɓa yi miki aiki a ciki?" Aka ɗebi jininsa da nawa, B12 ɗinmu duka a ƙasa. Nonon nawa fari tas, mai yawa, amma abin da babu a jinina babu shi a ciki. Aka fara masa allura, cikin mako guda ya dawo yana kallon mutane yana murmushi. Tafiya kam sai da ya yi shekara da wata bakwai, magana ma ta yi jinkiri. Alhamdu lillahi yanzu yana makaranta, amma har yau in na tuna kwalbar allurar nan da ke firijina ban taɓa ta ba wata takwas, sai in ji wani abu ya tokare ni.

Ummu Ammar: Subhanallah. Jikina har ya yi sanyi.

Zee Kaduna: To amma ita ai silib ce, ba a taɓa hanjinta ba. Ni ma silib ce, likitana ya ce matsalar bitamin ta 'yan baifas ce.

Sista Mancesta: Ta fi yawa a baifas, gaskiya ne, amma 'yan silib ba su tsira ba. B12 ba ya shiga jini shi kaɗai, sai wani sinadari da bangon tumbi ke fitarwa ya riƙo shi ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji. A silib kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin ake cirewa, ka ga masu fitar da ɗan rakiyar sun ragu, ruwan tsamin da ke saki bitamin ɗin daga jikin nama shi ma ya ragu. In mutum yana shan omefirazol na olsa ko metfomin na suga abin ya ƙaru. Abin da ke ruɗin mutane, hanta tana da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa shekarar farko kowa ke cewa lafiya ƙalau. Ciki da goyo ne ke ƙarasa ajiyar. Kuma folik asid ɗin da ake rabawa wurin awo yana iya gyara jinin ya rufe alamar, alhali jijiyoyi na cutuwa. Don haka kada a auna PCV kawai a ce miki jininki ya cika. Ki ce a auna B12, feritin (ajiyar sinadarin ƙarfe mai gina jini), folet, bitamin D, kalsiyam, da tayirod na maƙogwaro tunda kin zubar da jini. Duk wata uku muddin kina shayarwa.

Ga kuma abin kwantar da hankali: wani bincike da aka yi a Beljiyam aka buga a 2018 ya auna nonon matan da aka yi wa wannan tiyata, aka ga maiƙonsa da furotin ɗinsa da ƙarfinsa ba su gaza na sauran mata ba. Nonon mai kyau ne. 'Yan bitamin ɗin nan ne ke son a sa musu ido.

Zee Kaduna: Ashe ni ma in je a auna ni. Rabona da gwaji tun bara.

Hajiya Babba: Na ce na yi shiru amma ban ji an yi maganar kunu ba. Maijego ba kunun kanwa, da me za ta yi ƙarfi? Da me ƙazantar ciki za ta fita?

Sista Mancesta: Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Kunun nan ni ma na sha shi a haihuwar fari a gidanmu. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jegon da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta shi da gishirin kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Ita kuma wannan aka yi wa aiki, ta zubar da jini. Sannan ku duba lissafin: tumbinta yanzu bai fi ɗaukar kofin shayi ba. In aka cika shi da gasara da sukari, ina ƙwai da kifi za su shiga? Abin da ya same ta jiya ma sananne ne. Sukari in ya zarce zuwa hanji da sauri sai ya jawo gumi, jiri, bugun zuciya, wani lokaci gudawa, ko kuma bayan awa biyu sukarin jini ya faɗi. Ku ƙaddara tana riƙe da jariri a tsaye.

Hajiya Babba: Allah Ya kyauta. Zamani.

Uwar Fahad (Jidda): Bari in faɗa miki yadda na yi a goyo na biyu, bayan na sha wuya na yi hankali. Na manta da ci uku a rana. Duk awa biyu zuwa uku nake sa wani abu, har cikin dare. Na ajiye faranti ɗan ƙarami gefen gado: dafaffen ƙwai, kindirmo ba sukari, awara, alale, kifi, dambun nama mai laushi. Nama nake fara ci, in da sauran wuri shinkafa cokali biyu. Tuwo na haƙura da shi, loma uku ya toshe ƙofa har la'asar. Gasasshen naman jego ma in ya bushe tsayawa yake a ƙirji, gara farfesu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin, mu kuwa ko ba goyo an ce kada mu gaza giram 60 a rana, to ki lissafa. Hanta sau ɗaya a mako. Ruwa shi ne yaƙin gaske, don ba ma iya kwankwaɗa, kuma ba a haɗa shi da abinci sai an ba da rabin awa. Gora nake ratayawa kamar ɗan makaranta, duk sanda yaro ya kama in yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan, har lita biyu ta shige ban sani ba.

Maganin ƙarin jini da kalsiyam kada ki haɗa su, ki raba da awa biyu, kuma kada ki kora da shayi. Kalsiyam ɗin ki duba kwalin, mai sitiret ake so, mai kabonet yana buƙatar tsamin cikin da mu ba mu da shi.

Mai saƙo: Na gode Yaya. Wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa. Tun da na rame maman ya zube, fata ce kawai, kan yana kallon ƙasa. In na ɗora shi ba na ma ganin bakinsa, sai in ji zafi.

Zee Kaduna: Ba ke kaɗai ba ce 'yar uwa, duk haka muke. Kitse ne ya tafi. Ki naɗe ƙaramin tawul ki tura ƙarƙashin maman ya ɗago, ki tallabe shi da hannu, ki sa yaron ta ƙarƙashin hammatarki ƙafafunsa na baya, kansa a tafinki. A haka kina ganin bakin, kuma ba ya danne miki ɗinki. Injin ma, kin duba mazurarinsa? Yawancinsu da mai milimita 24 suke zuwa. Ni wata biyu ina fama, kai ya kumbura, ruwa ba ya fita, ashe mai 17 ce daidai da ni. Fata mai laushi tana shigewa cikin bututun ta toshe hanya. Ranar da na canza, abin da na tatsa ya ninka.

Sista Mancesta: Zee ta gama magana. Ƙari kawai: ki sa shi sau 8 zuwa 12 a kwana, in ya gama ki tatsa minti 10 ko 15, kina matsawa da hannu. Rabin awa sau biyu bai kai minti goma sau takwas ba. Kada ki tsallake na tsakar dare, lokacin ne sinadarin kawo nono ya fi hawa. Na san da gajiya. Gwaggo ta ɗauki wanki da rarrashi, ke ki ɗauki wannan. Af, wane maganin ciwo aka sallame ki da shi?

Mai saƙo: Dikulofenak da farasitamol.

Sista Mancesta: Sun san an yi miki silib?

Mai saƙo: Likitar da ta yi mini awo ta sani. Ranar sallama wani ne ya rubuta, gwaggo na tsaye, ban iya faɗa ba.

Sista Mancesta: Kin ga inda ɓoyon ya fara cizo. Dangin dikulofenak da ibufurofen suna jawo gyambon ciki ga wanda aka taɓa wa tumbi. Gobe ki faɗa a canza miki. Haka in an zo tazarar haihuwa, ƙwaya mai sinadarin istirojin tana rage nono, 'yan baifas ma ba ta shiga jikinsu yadda ya kamata. Ki tambayi ashanar hannu ko robar mahaifa.

Ummu Ammar: Ni a ganina ta faɗa wa gwaggon kawai a wuce wurin.

Amaryar Bana: Kada ki soma. Ki faɗa wa gwaggo ɗaya, kafin la'asar dangin miji sun ji, gobe yaro ya yi atishawa a ce ai uwarsa ce ta yanke ciki. Ki riƙa zubar da kunun a bayan gida kawai.

Ummu Ammar: Kwana ashirin da ɗaya suka rage, kullum tana zubar da kunu tana kwana da yunwa? Matar nan ita ke riƙe da tukunya. In ba ta sani ba, wa zai dafa ƙwan da ake ta lissafawa?

Amaryar Bana: Kin san dangin miji kuwa?

Malama Ummi: Ba sai an tara gari ba. Ta samu mahaifiyarta ko gwaggon ita kaɗai ta ce likita ya yi mata aiki saboda suga, gaskiya ce kuma ba ƙari. Neman magani ba abin kunya ba ne. Ga masu cewa madarar gwangwani gazawa ce, ayar Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku, a cikinta aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kuma aka halatta a nemi mai shayarwa. Addini bai ce a bar yaro da yunwa ba.

Maman Nana: Ni dai in faɗi nawa, don kada ta ji labarin masu nasara kaɗai. Na yi duk abin da aka lissafa a nan, inji, agogon tsakar dare, zogale, komai. Wata uku ban taɓa wuce rabin abin da 'yata ke buƙata ba. Haka muka tafi, nono da gwangwani, har shekara ɗaya da wata biyu. Rabin ma nono ne. Sai dai ki tafasa ruwan, ki bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin, kada tsada ta sa ki tsinka shi.

Maman Biyu: Wanda ta tatsa fa, a zafin nan da rashin wuta?

Zee Kaduna: Awa huɗu da ake faɗa na ɗakin da bai wuce digiri 25 ba ne. Ɗakinmu na bazara ba ya cikin wannan lissafi, ki ba shi da wuri. A firiji mai tsayayyiyar wuta kwana huɗu, a kula mai ƙanƙara kwana ɗaya. In za a ɗumama, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ba a ɗora wa wuta.

Admin: Mai saƙo ta dawo da bayani bayan kwana 16.

"'Yan uwa Allah Ya saka. Washegari muka je, likitan yara ya ce a riƙa cike masa da mil 40 bayan kowane sha. Yau ya auna 3.4, famfas har na gaji da ƙirgawa, an ce in fara rage madarar. B12 da feritin ɗina duka sun yi ƙasa, an yi mini allura an kuma sa mini ƙarin jini ta jijiya, shi ma an auna shi. Mazurari mai 19 na samu, da asuba ina samun mil 70.

Gwaggo kuwa, daren da muka dawo na rufe ƙofa na fara kame-kame. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, 'Ni da nake gasa miki jiki safe da yamma? Tabo biyar na ƙirga a saman cibiyarki tun ranar farko, na san ba na haihuwa ba ne. Jira nake ki ɗauke ni uwa.' Na sha faɗa, har da kukanta. Yanzu kofin silba ya koma kicin, da ɗan kofin gilashin shayi take kawo mini kunun gyaɗa ba sukari, da ƙwai biyu a naɗe a gefen zaninta, sai ta duba agogo ta ce rabin awa bai yi ba, kada in taɓa ruwa."

Sista Mancesta: Masha Allah. Gwaji na gaba wata uku, ki sa a waya tun yanzu.

Hajiya Babba: To kanwar da aka riga aka saya fa?

Mai saƙo: Hajiya ana damawa har yanzu, ƙannena maza ne ke shanyewa.